Habsu, Kada Ki Cika Masu Abinci

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga Malbaza zuwa ga ɗiyata Habsu, a gidan kawunta Mamman, Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba da ɗiyarsa, ina fatan kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki. Allah ya tsare ki a garin da ba ki sani ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa kin shiga makarantar aikin likitar nan da ƙafar dama. Ki gaishe mani da kawunki da iyalinsa, ki ce na gode da ɗakin da suka ba ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don babu shi. Yau kwana tara da tafiyarki, komi yana nan inda kika bar shi, sai dai gidan ya yi mani girma. Wani direban motar siminti da zai bi ta wajenku shi zai kawo maki wannan takarda.

A tasha, kina rungume da kwalbar nan mai faɗin baki da kika zuba jatan lande goma sha biyu a ciki, kin tambaye ni, "Baba, mi zan riƙa ba su?" Na ce maki, "Kaɗan-kaɗan." Na san kin ɗauka rowar maganata ce da kika saba da ita. A ranar dai ba ita ba ce. To ga amsarki a rubuce. Kuma tun da na riga na ɗauki alƙalami, zan haɗa maki da wasu abubuwan da bakina ya kasa faɗa shekara da shekaru.

Kina ƙarama lokacin da akwatin gilashin nan ya shigo gidanmu, ba na jin kin tuna Mushe Kwami. Mutumin Togo ne, yana gyaran lantarki a kamfanin siminti, ni kuma ina kula da injin ruwa. Ɗakinsa yana jikin namu a gidajen ma'aikata. Iyalinsa suna can ƙasarsu, shi kaɗai yake zaune, daga shi sai akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, yashi a ƙasa, kainuwa a sama, da waɗannan ƴan halittu da ake hango cikinsu ta jikinsu. Daga wani rafi na bayan garinsu ya ɗebo su da ya je hutu. Mutane suna mashi dariya, wai ga mai kiwon abin da ba a tatsa, ba a kai shi kasuwa, bai ma isa a jefa a miya ba. Har da ni a masu dariyar. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, sai ya kira ni ɗakinsa.

Ya ce, "Sama'ila, kai ka san ruwa. Ka riƙe mani su."

Na ce, "Mi suke ci?"

Ya ce, "Kusan ba komi. Yunwa ba ta kashe su. Mai gidansu ke kashe su."

Na yi dariya, ban riƙe maganar ba. A gidanmu na Tajaye an tashe mu a kan cewa abin da ke hannunka, ko kaza ce, ba ya kwana da yunwa. Da safe sai in zuba masu dusa, da rana ɓarɓashin burodi, da marece in gutsura masu tuwo. Duk sa'ad da na ga sun taso sun taru wuri ɗaya, sai in ce yunwa ce, in ƙara. Wata rana innarki ta tsaya a bayana da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, na jiya ma ba su cinye ba." Na ce ta bar ni da abin da ba ta sani ba. Cikin kwana shida ruwan ya koma fari-fari kamar ƙasari, yana wari. Na tashi da safe na tarar da fiye da rabinsu kwance a kan yashi, sun yi ja-ja kamar an dafa su. Innarki ta miƙo mani ludayi na kwashe su.

Saboda haka ki ji yadda za ki yi. Da fari ki fidda su daga ƙaramar kwalbar, ki samo babba, ki ajiye ta inda rana ba ta dukanta. Ki tsinko ɗanyen ganyen zogale biyu ko uku, ki tsoma a tafasasshen ruwa, ba gishiri ba kanwa, ya yi laushi, ki bari ya huce sannan ki jefa masu. Yau ki ba su, gobe ki hana. Abin da ba su cinye ba daga hantsi zuwa azahar, ki sa tsinke ki tsame shi. Suna son dafaffiyar kabewa, amma kada ta wuce girman ƙwayar wake. Sau ɗaya a mako ki jiƙa kan tsinken ashana, ki dangwala a garin busasshen kifi, abin da ya maƙale shi ne rabonsu. Ki sa masu busasshen ganyen mangwaro guda, wanda kika wanke, ki bar shi ya ruɓe a hankali, za su yi makonni suna kiwo a kansa. Gansakukar da ke fitowa a jikin gilashi kada ki kankare ta don ki ga tsabta, ita ce gonarsu. Tuwo, fura, da duk abin da ya taɓa mai, kada ya kusance su.

Ni ba don su nake zuba abincin nan ba, Habsu. Don raina ya yi sanyi ne, in ce na yi alheri. Ke da za ki riƙa tsayawa a kan marasa lafiya, ki riƙe wannan: ki duba, ki tambaya, ki saurari wanda ya fi ki daɗewa a kusa da mutum, kafin ki miƙa hannu. In tsohuwa mai jinya ta ce maki "na jiya ma bai karɓe shi ba", kada ki ce ta bar ki da abin da ba ta sani ba.

Ban yi wata biyu ba na sake wata wautar. Na leƙa na ga fararen abubuwa a ƙasa, da ƙafafu da gashin baki, siffar jatan lande sak, ba motsi. Na ce shi ke nan, annoba ta shigo. Na kwashe ruwan kakaf, na wanke yashi, na cika akwatin da sabon ruwan famfo mai warin magani. Washegari wasu suka mutu da gaske. Sai da na rubuta wa Mushe Kwami ya amsa mani cewa abin da na gani saɓa ce, irin ta maciji. In sun girma sai su tuɓe tsohuwar riga su ɓuya kwana ɗaya ko biyu, daga baya ma su dawo su cinye ta, tana ƙara masu ƙarfi. In kin ga saɓa ki bar ta. Ruwa kuma kada ki taɓa sake shi gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin biyar ya isa a mako, sabon da za ki zuba kuma ya zama wanda ya kwana biyu a randa. A zaman duniya ma, yawancin ɓarnar da na yi, tsoro ne ya sa na yi ta da gaggawa. In abu ya firgita ki, ki yi alwala, ki zauna, ki bar shi ya kwana.

Yanzu in zo ga yayanki Lawali. Kina da shekara goma lokacin da ya tafi, kuma abin da aka faɗa maki shi ne ya tafi biɗa, neman kuɗi a Abijan, kamar sauran samari. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, na yi ta bin manya har na samo mashi gurbi a kamfani, wurin ɗura siminti a buhu. A lokacin mutane daga Bazaga da Illela suna kwana a bakin ƙofar kamfanin suna neman irin wannan aiki ba su samu ba. Shi kuma ransa yana ga gyaran mota. Wata rana bayan la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki. Ina tsaye ina jefa wa jatan lande zogale, na ba shi baya.

Ya ce, "Baba, motarmu jibi za ta tashi. Ina son ka sa mani albarka."

Na ce, "Na samo maka aiki a nan."

Ya ce, "Na sani, Baba, na gode. Raina ne ba ya wurin."

Na ce, "In ka fita ƙofar nan, ka nemi wani uban a can."

Ban juyo ba. A jikin gilashin nake ganinsa durƙushe, hularsa a hannu. Ya daɗe a haka. Ina ta jira ya ƙara magana in samu hanyar sassautowa, shi kuma yana jira in juyo. Har ya tashi.

Bayan shekara ɗaya da rabi, wani ɗan Tajaye da ya dawo daga can ya same ni a wurin aiki ya ba ni kaset naɗe a takarda, ya ce saƙon Lawali ne ga mutanen gida. Na kawo shi na jefa a aljihun teburin da akwatin gilashi ke kai, a bayan gwangwanin garin kifi. Na ce a raina sai ya zo da ƙafarsa. Duk lokacin da ƴan biɗa suka dawo, innarki sai ta tare ni da ruwan sha ta ce, "Malam, ba su zo da komi ba?" In ce, "Ba komi." Sau huɗu ta tambaye ni, sau huɗu na faɗa mata haka. Daga nan ciwon ajali ya kama ta, muka kai ta likitar Konni, Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan sadakar arba'in na ari rediyo mai kaset a maƙwabta, ranar kina lakwal wurin karatu, na rufe ƙofa na saka. Da sunanta ya fara. "Inna, ina wuni. Inna, ina gajiya." Ya yi ta gaishe ta, ya tambayi ƙafarta da ke mata ciwo, ya tambayi jar akuyarta, ya tambaye ki. Ya ce yanzu yana iya kwance injin mota shi kaɗai ya mayar. Ya roƙe ta ta ba ni haƙuri. A ƙarshe, ana jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce, "Baba, in kana ji, ina wuni."

Kin san innarki ta rasu da kewar ɗanta. Abin da ba ki sani ba, muryarsa tana cikin ɗakin, taki uku daga gadonta, ni na rufe ta a aljihun tebur. Wannan ba ya gyaruwa. Kullum ina roƙon Allah gafara a kansa, ita kam ba ni da inda zan same ta in roƙe ta. Na aika wa Lawali sanarwar rasuwa, ya aiko da ta'aziyya gajera, da sunanki a kai, ba da nawa ba. Bai san na ɓoye kaset ɗin ba, yana zaton ta ji ta yi shiru. Adireshinsa na yanzu yana bayan wannan takarda, kwanan nan na same shi wurin mutanen Tajaye. An ce ya yi aure, ya samu ɗiya, ya sa mata sunan innarku. Ki rubuta mashi, ki faɗa mashi gaskiya: uwarsa ba ta ji ba, da ta ji da ta amsa. Ya fi mani ya ƙi ni da hujja a kan ya zauna yana zarginta.

Habsu, duk wanda ya durƙusa zai yi maki magana, ki juyo ki dube shi, ko da amsarki a'a ce. Saƙon da ba naki ba kuma, kada ya kwana a hannunki.

Bayan rasuwarta kin fi kowa sanin yadda na koma. In dawo daga aiki, in ja kujera gaban gilashi, in zauna har magariba ina kallonsu suna tsintar abinci da ƴan hannuwansu. Da su nake hira, ke kuma kina da shekara goma sha uku, kina daka, kina girki, kina karatu a kan tabarma ke kaɗai. Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni. Kika karɓo maganin sauro na feshi a maƙwabta, kika feshe ɗakin don in samu barci. Ba wanda ya taɓa faɗa maki cewa ko ƙamshinsa guba ne a gare su, ni ne ya kamata in faɗa, ban faɗa ba. Da kika ga suna ta juyawa suna faɗuwa, kika ɗauko ludayi kika tsamo guda bakwai masu sauran rai, kika zuba su a ƙwaryar ruwan randa, kika fitar da su tsakar gida. Na farka na ga abin da ya faru, na ce maki, "Abu ɗaya da ya rage mani, shi ma kin kashe." Na ga yadda kika tsaya da ludayin a hannu. Na yi kwana goma ban yi maki magana ba, kina kawo mani kunu kina ajiyewa, kina fita.

Abu ɗaya da ya rage mani. Ɗiyata tana tsaye a gabana na faɗi haka.

Duk jatan landen da ke gidan nan yau, da goma sha biyun da ke wurinki, jikokin bakwai ɗin nan ne da kika tsamo. Ban taɓa ce maki na gode ba. Na gode, Habsu. Ki yafe mani wannan magana.

Ki kiyaye su daga maganin sauro, na feshi da na hayaƙi. In za a fesa a gidan kawunki, ki fitar da kwalbar waje ki rufe bakinta da tsumma, sai ɗakin ya sha iska kwana ɗaya. In kin dawo daga likita, hannunki da sabulu da warin magani, kada ki tsoma shi a ruwansu, ki ɗauraye da ruwa zalla tukuna. Kuma in wani ya yi maki ɓarna garin ƙoƙarin taimakonki, ki fara duba niyyarsa. In kin yi fushi ki faɗa da baki a gama. Shirun da na riƙa yi maku, ina ganinsa kamar dattako, ashe duka ne wanda ba ya barin shaida.

Saura guda, shi ya fi mani nauyi don sabo ne. Takardar kiranki zuwa makaranta ba ranar da na ba ki ta iso ba. Ta riga ta yi kwana goma sha ɗaya a hannuna. Ta akwatin gidan waya na kamfani ta zo, da sunana a bayan ambulan, na buɗe na karanta, na ninke na sa a aljihun teburin nan dai. Ina kallonki kika shiga mota har sau biyu zuwa Konni kina tambaya a tsohon lakwal ɗinku ko sakamako ya fito. Ina kallonki kika dawo kika ce, "Baba, ƙila ban ci ba." Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Ina lissafi a raina cewa in ranar rajista ta wuce, za ki zauna, ko da shekara ɗaya ce. Ran nan na buɗe aljihun zan ɗauko garin kifi, hannuna ya taɓa takardar, ga kaset ɗin Lawali a gefenta. Na tsaya ina kallonsu su biyu. Shi ne na fito na ce maki yanzu aka kawo. Shi ya sa kika yi shiri a gurguje cikin kwana uku, ba ki samu kin je Tajaye kin yi sallama da gwaggonki ba. Da na ƙara kwana huɗu, da wurinki ya tafi.

Ba ni da hujja. Tsoron gidan nan ba kowa ne ya sa ni. In za ki yi fushi ki yi, haƙƙinki ne, amma ki rubuto ki faɗa mani, kada ki gaji shiruna. Kuma kada wannan takarda ta sa ki ce za ki dawo don tausayina. In kika bar karatun nan saboda ni, kin cika mani abin da na so in yi Allah ya hana. Duk wanda ya ce yana son ki, ko ni ne, ko wani da zai zo nan gaba, in son nasa ya zama sai kin ƙanƙance sannan hankalinsa zai kwanta, ki girmama shi, amma ki wuce.

In hutu ya zo, ko aka tura ku wani gari na mako guda, kada ki tula masu abinci wai guzuri, kada kuma ki bar wa wani aikin ba su, zai cika. Ki tabbata akwai busasshen ganye da gansakuka, ki rufe bakin kwalbar da tsumma, ki yi tafiyarki. Suna yin mako har da ɗori ba a ba su komi ba, ki dawo ki tarar da su lafiya. Na daɗe da sanin haka. Amma shekara bakwai gwaggonki tana aiko mani in zo Tajaye, suna, biki, ta'aziyya, ina cewa ba ni da wanda zan bar wa jatan lande. In je da safe in dawo da marece, ko in ƙi zuwa sam. Ba su ne suka riƙe ni ba, ni na ɓuya a bayansu, har mutane suka gaji suka daina kira. Ke kada ki yi haka. In kin taso daga makaranta, ki duba su, ki fito tsakar gida ki zauna da matar kawunki, ki taya ta tsinkar zogale, ki yi ƙawaye, ki je gaisuwa. Baƙunta tana sa mutum ya so rufe ƙofa, kada ki biye mata.

Ni ma ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan an sauko masallaci zan shiga mota zuwa Tajaye. An fara girbin gero, zan yi mako guda wurin gwaggonki. Na riga na wanke ganyen mangwaro biyu na shanya. Ban san abin da zan ce wa mutane ba in sun tambaye ni ina na shiga duk shekarun nan, amma zan je in zauna a cikinsu.

Allah ya tsare ki, gabanki da bayanki. Ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya buɗa maki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya jiƙan innarki, ya haskaka kabarinta. Ya tsare Lawali da iyalinsa inda suke. Albarkar da na hana shi a ƙofar ɗaki, na sa maku ita ku biyu, ki isar mashi da rabonsa. In da rabon mu gana, Allah ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sama'ila